Yadda ake gyara ƙofar waje da hinjinta ya saki, da toshe kafofin da ƙura ke bi

Shekarar da muka tare a gidan da muke ciki yanzu, ƙofar falo mai fita tsakar gida ta fara gardama a tsakiyar damina, cikin watan Agusta. Sai an sa kafaɗa take rufuwa. In za a buɗe kuma sai an ɗan ɗaga ta, ƙasanta na jan siminti har ya yi zane kamar baka a daɓen. Ni kuma da karambani na aro filen, wato abin fere katako, wajen maƙwabci, na cire ƙyauren na kwantar da shi, na yi ta fere gefen makulli da ƙasa har sai da ƙofar ta riƙa rufuwa da yatsa ɗaya. Wata uku ina jin kaina gwani. Da hunturu ya kankama a Disamba, katakon ya bushe ya tsuke, sai ga rata a gefe wadda ɗan yatsana ke shigewa, harshen kuba ma bai kai raminsa. Kullum da safe sai an share jar ƙura a bakin ƙofa kamar an zuba da ludayi.

Dole na nemo wani dattijon kafinta a bayan layinmu. Da ya zo ko kallon wurin da na fere bai yi ba. Buɗe ƙofar ya yi rabi, ya kama hannunta ya ɗaga sama, ta ce ƙwas. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce, "Baba, ni ne." Ya yi dariya ya ce, "Ka bar jaki kana dukan taiki. Hinjin sama ne ya saki, ba ƙiba ƙofar ta yi ba." Minti ashirin ya gama da hinjin. Katakon da na fere kuwa sai da aka ƙara masa siririn falle a gefe, har yau ana ganin layin ɗinkin a ƙarƙashin fenti.

Shi ya sa tsarin da zan bi a nan yake haka: hinji tukuna, sannan firam, sannan kuba, sannan toshe kafofi. Filen shi ne na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma zuwa kansa.

Ka fara da kallo

Rufe ƙofar, ka tsaya daga ɓangaren da kake ganin ƙullin hinji, ka bi ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam da ido, tun daga sama har ƙasa. Ƙofar da ke zaune daidai ratarta kusan milimita 3 ce a sama da gefe biyu, kuma ɗaya ce daga wannan kusurwa zuwa waccan. In ba ka da abin awo, katin cirar kuɗi guda huɗu a haɗe sun kai haka.

Ƙofar da ta sunkuya tana da kamanninta. Ratar gefen hinji takan buɗe daga sama ta matse daga ƙasa. Kusurwar sama ta ɓangaren makulli takan dungure jikin firam, har ka ga fenti ya goge a wurin. Ratar saman ƙyaure takan yi faɗi a ɓangaren makulli, shi kuma ƙasan wannan ɓangaren yana jan daɓe. In ka ga biyu daga cikin waɗannan, hinjin sama ne.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙyauren katako tsantsa mai faɗin ƙafa 3 da tsayin ƙafa 7 yana iya kai kilo 30 zuwa 40, kuma duk nauyin nan a gefe ɗaya yake rataye. Hinjin ƙasa danna shi nauyin yake yi cikin firam, don haka ba kasafai yake saki ba. Na sama kuwa fizgo shi nauyin yake yi waje, dare da rana. Ka haɗa da yaran da ke lilo da hannun ƙofa, da iskar hadari da ke maka ta da bango, da katakon da ke kumbura da damina ya tsuke da rani. A ƙasar Kano laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da hunturu, ta haura 70 a Agusta. Duk zagayowar shekara ramin sukuru yana ɗan ƙara faɗi, har ranar da zai daina riƙo.

Yanzu ka yi gwajin dattijon nan. Buɗe ƙofar rabi, ka kama ta ta gefen makulli ka ɗaga a hankali, wani kuma ya zuba wa hinjin ido. Abu uku ne zai iya motsi, kuma kowanne maganinsa daban. In fuskar hinjin ce ke ɗagowa daga jikin katako, sukuru ne. In fuskokin na nan daram amma ƙullin tsakiya ne ke wasa, hinjin ne ya cinye. In kuwa firam ɗin ne gaba ɗaya ke motsi, har gari na zubowa daga tsakaninsa da bango, to maganar ta wuce hinji.

Kafin ka wuce nan ka ɗauki ƙusa ka caccaki ƙasan firam ɗin, musamman inda ya taɓa daɓe. In ƙusa ta nutse ba wahala, ko ka ƙwanƙwasa ka ji wurin holoƙo ne, gara ta riga ka. Babu gam ɗin da zai riƙe sukuru a katakon da gara ta cinye cikinsa ta bar fenti tsaye. Wannan sai a yanke a sa sabo, a zuba maganin gara a gindinsa.

Kayan aikin ba su da yawa: sukundireba da bakinta ya dace da kan sukurunka, guduma, cizal, farin gam na katako, ashana ko tsinken sakace, sabbin sukuru, fensir, wuƙa mai kaifi, da guntayen katako masu tsini da za ka cusa ƙarƙashin ƙofa. Injin huda yana sauƙaƙa aiki, amma ba lallai sai da shi ba.

Tallafe ƙofar, sannan ka ɗaure

Buɗe ƙofar sosai, ka cusa guntun katako ƙarƙashin ɓangaren makulli, ka ɗan buga shi har ka ga fuskar hinjin sama ta koma ta kwanta a gurbinta. Kada ka tsallake wannan. Wanda ya ɗaure sukuru alhali ƙofa na rataye da nauyinta, so yake ɗan ƙaramin sukuru ya ɗaga kilo 40, kuma abin da zai biyo baya shi ne zaren ramin ya ƙarasa lalacewa.

In fenti ya cike kan sukurun, ka ƙwaƙule shi da bakin ƙusa don sukundireba ta zauna sosai. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya, na jikin firam da na jikin ƙyaure, kana dannawa da ƙarfi kana murɗawa da hannu. Na fi son hannu a kan inji a wannan gaɓa, saboda hannu ne ke gaya maka gaskiya. Sukurun da ya yi tauri ya tsaya, lafiyarsa ƙalau, ka bar shi haka, kada ka ƙara masa ko rabin murɗa. Wanda ke ta juyawa ba ya tsayawa, raminsa ya mutu, ka yi masa alama da fensir.

Cire tallafin ka gwada. Wani lokaci aikin ya ƙare ke nan.

Rayar da ramin da ya mutu

Nan ne ainihin aikin, kuma nan aka fi yin algus. Abin da aka saba gani shi ne a cusa takarda ko leda a ramin, ko a zare sukurun a buga ƙusa inci 3 a lanƙwasa kanta. Ƙusa ba ta da zare, santsi gare ta, nauyin da ya fizgo sukuru zai fizgo ta cikin 'yan watanni, ta kuma tsaga firam ɗin a hanya. Sai ka ga ƙofa da ƙusa biyar a hinji ɗaya tana reto.

Mayar da tallafin ƙarƙashin ƙofa. Kwance sukurun fuskar hinjin da ke da matsala, ka buɗe fuskar gefe don ramukan su fito fili. Hinji ɗaya za ka riƙa yi a lokaci guda, sauran na riƙe da ƙofar. Hure garin da ke cikin ramin.

In ramin bai yi faɗi sosai ba, ashana ta isa. Ka karye kawunan ka zubar, ka tsoma tsinkayen a gam, ka ɗiga gam kaɗan a ramin, sannan ka cusa su ɗaya bayan ɗaya har ramin ya cika. Na ƙarshe sai da guduma zai shiga, in bai buƙaci guduma ba to ramin bai cika ba. Tsinken sakace na gora ya fi ashana ƙwari, tsinken tsire ma haka. Ka yanke abin da ya yi saura da wuƙa ya yi daidai da fuskar katako, ka goge gam ɗin da ya tsatso da ɗanyen tsumma.

In ramin ya yi gaba, har fensir na shiga, ashana ba za ta yi ba. Ka fere guntun busasshen katako mai ƙwari, irin maɗaci, ya zama kamar turke mai tsawon inci ɗaya da rabi, bakinsa ɗan siriri. In kana da injin huda, ka gyara ramin da baki mai milimita 8 ko 10 ya zama zagayayye, ka fere turken daidai da shi. Shafe shi da gam, ka buga a hankali. A hankali nake cewa, domin turken da ya yi kauri da yawa yana tsaga firam kamar yadda gatari ke faskara itace. Sai ka datse saura da cizal.

Daga nan sai haƙuri. Farin gam yana fara kamawa cikin awa guda, amma ƙarfinsa na gaske sai ya kwana. Ƙofar waje ce, ba za a bar ta a buɗe da dare ba, saboda haka ka fara aikin da sassafe, ka mayar da sukuru da la'asar, ka hana yara wahalar da ita har gobe. Da damina gam ya fi jinkirin bushewa.

Kafin ka mayar da sukuru, ka kwantar da fuskar hinjin a gurbinta, ka yi alama a tsakiyar kowane rami, ka huda siririn rami na jagora. Bakin huda mai milimita 2 ko 3 ya isa. In babu inji, ka buga siririyar ƙusa rabin inci ka zare ta. Amfanin wannan rami shi ne sukuru ya shiga a miƙe kuma a tsakiya. In ya shiga a karkace, kansa zai tsaya a waje, ya tokari ɗaya fuskar hinjin duk lokacin da aka rufe ƙofa, ya riƙa ɓamɓare hinjin da kansa. Goga zaren sukurun a jikin sabulu ko kyandir, zai shige ba tare da ka ci kansa ba.

Game da sukurun kansa, wanda aka saba haɗowa da hinji gajere ne, da ƙyar yake kai inci ɗaya. A gefen ƙyaure kana da wuri, ka sa mai inci ɗaya da rabi ko biyu. A gefen firam ka auna kaurin katakon tukuna. Kaurin sukurun ya zama irin na tsohon ko sama da shi kaɗan, amma kansa dole ya nutse a gurbin da aka yi masa a fuskar hinji, ya kwanta daidai. Ka shafa da yatsa, in ka ji tudu, ba shi ba ne. Ka guji baƙin sukurun nan na silin. Arha gare shi kuma yana shiga da sauri, amma ƙarfensa gautsi ne, karyewa yake yi maimakon ya lanƙwasa, ga saurin tsatsa a waje. In ya karye a cikin firam ka jawo wa kanka sabon aiki.

Akwai shawarar da za ka yi ta gani a bidiyoyin intanet, cewa a zare sukuru ɗaya na hinjin sama a sa mai inci 3. Shawara ce mai kyau a Amurka, inda bayan firam akwai ginshiƙin katako a cikin bango da sukurun zai kama ya jawo firam ɗin. Mu bayan firam ɗinmu bulo ne da siminti, ko tubali. Dogon sukuru in ya wuce katako ya tarar da siminti, ko ya tsaya kansa a waje, ko ya turo firam ɗin daga bango. In kana son irin wannan riƙon a ginin bulo, sai ka huda ta cikin firam har bango da bakin huda na siminti, ka tura fisha, wato 'yar robar nan da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, ta shige cikin bangon, sannan sukurun ya bi ta. A ginin ƙasa ko fisha ba ta da abin kamawa, sai dai a haƙa a binne guntun katako a bangon a ɗaure firam a jikinsa.

In wurin hinjin ya riga ya zama kamar rariya saboda gyare-gyaren baya, kada ka ɓata gam. Matsar da hinjin inci 3, ko ya yi sama ko ya yi ƙasa, zuwa lafiyayyen katako, ka sassaƙa masa sabon gurbi a ƙyaure da firam, ka cike tsohon da falle. Kuma ƙofar waje mai nauyi da aka rataya da hinji biyu, ka ƙara mata na uku. Hinji mai inci 4 ne daidai da ita, ba ƙaramin nan na ƙofar kabad ba.

Idan an ɗaure amma har yanzu a karkace take

Hinjin da ƙullinsa ya cinye ba ya gyaruwa da ɗauri. Za ka ga baƙin gari a jikinsa, da giɓi tsakanin gaɓoɓinsa. Cire ɗaya ka tafi da shi kasuwa ka sayo irinsa, tsayi da faɗi da wurin ramuka, don ya zauna a tsohon gurbi. Ka ɗauki mai kauri, ka juya shi a hannu, in sabo ne amma yana kaɗawa, ajiye shi.

In hinji lafiya, sukuru lafiya, amma kusurwar sama tana goga har yanzu, sai a yi wa hinjin ƙasa ƙari. Kwance fuskarsa ta jikin firam, ka yanka wani abu siriri daidai girmanta ka shimfiɗa a gurbin, ka mayar da hinjin a kai. Ana yi da kwali, amma a ƙofar waje kwali yana shan ruwa ya lotse. Na fi son roba mai tauri, irin katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa, ko fallen da aka yanko daga tsohuwar jarka. Ƙarin yana turo ƙasan ƙyaure waje, sai ɓangaren makulli ya ɗaga. Lissafinsa: tazarar hinjin sama da na ƙasa ta kusan ninka faɗin ƙofar, saboda haka ƙarin milimita 2 a ƙasa yana ɗaga ɓangaren makulli da kusan milimita 1. In hinji uku ne, na tsakiya ya samu rabin abin da na ƙasa ya samu, in ba haka ba za su riƙa ja-in-ja. Ka ƙara falle ɗaya ka gwada, kada ka jibga uku lokaci guda.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara wa gurbin hinjin sama zurfi da cizal, a kankare kamar kaurin kati ɗaya. Wannan sai in akwai rata a gefen hinji daga sama da za ta karɓi matsowar.

Akwai kuma ƙofar da in ka tura ta sai ta dawo da kanta kafin ta kai ga rufuwa, kamar da sifirin a ciki. Wannan gurbin hinjinta ne ya yi zurfi fiye da kima, katako na haɗuwa da katako kafin hinji ya rufe. Irinta ce ke tumɓuke sukuru komai kyan ɗaurin da aka yi. Ƙari a bayan hinjin ne maganinta.

Firam mai motsi a bango kuwa, ka tsayar da shi da igiya mai dutse a ƙasa ka tabbatar a miƙe yake, ka tokare shi da guntayen katako, ka ɗaure shi da fisha wuri uku a kowane gefe. Sannan ka ƙwaƙule simintin da ya ɓare, ka jiƙa wurin, ka cusa sabon kwaɓi, siminti ɗaya yashi uku. A bar ƙofar ta huta kwana biyu ba a buga ta.

Ƙofar ƙarfe, wadda ita ce a bakin yawancin gidajenmu, duk wannan karatun kallo ya shafe ta, sai dai hinjinta walda ce. In ta sauka ƙasa gaba ɗaya saboda gaɓoɓin sun cinye, kuma irin wadda ake ɗagawa a zare ce, washa ɗaya ko biyu a kan kowane sandan hinji da ɗan giris za su ɗaga ta. In waldar ce ta tsage, a kira mai walda, amma ka tsaya a kansa: a tallafe ƙofar a rufe, a daidaita ratar, ya ɗan ɗiga walda a gwada buɗewa da rufewa kafin ya cike. In ya cike a karkace sai an yanke.

Kuba

Da zarar ƙofa ta koma mazauninta, harshen kuba na iya daina faɗawa raminsa, musamman in an taɓa matsar da farantin ƙarfen da ke bakin ramin a jikin firam lokacin da take a sunkuye. Shafa wa harshen jan baki ko alli, ka rufe ka buɗe, za ka ga inda yake dukan farantin. In kuskuren bai wuce milimita 2 ba, cire farantin ka goge bakin ramin da zarton ƙarfe. In ya wuce, ka toshe tsofaffin ramukan sukuru da ashana da gam kamar yadda ka yi wa hinji, ka matsar da farantin. Haka nan in ƙofa na kaɗawa bayan an kulle, matso da farantin ciki kaɗan don ta matse.

Sai kafofi

Da tsakar rana ka shiga ciki, ka rufe ƙofa da taga, ka kashe fitila. Duk inda haske ya ratso, nan ƙura da sauro ke bi. Ka yi wa wuraren alama da alli. Wani gwajin kuma, ka rufe ƙofar a kan takarda ka ja. In ta zare ba tare da ka ji riƙo ba, wurin a buɗe yake.

A sama da gefe biyu, ƙyaure yana jingina ne da ɗan tudu a jikin firam. A wasu ƙofofin siririn katako ne aka buga da ƙusa. In irin wannan ne kuma ƙyauren ya ɗan murɗe, ya taɓa a sama bai taɓa a ƙasa ba, ka ɓamɓare siririn katakon a hankali, ka rufe ƙofar da kuba, ka mayar da shi yana bin jikin ƙyauren, ka buga. Ka bi karkatar ƙofar ke nan maimakon ka yi faɗa da ita.

Sannan ka manna soso ko robar nan mai gam a baya da ake sayarwa a naɗe. Wanke wurin ya bushe tukuna, don gam ba ya kama ƙura. Domin sanin kaurin da za ka saya, ka ɗan mulmula danƙo ko ɗanyen yumɓu a leda, ka manna a tudun, ka rufe ƙofa ka buɗe, kaurin da ya koma shi ne ratarka. Ka sayi wanda ya ɗara haka kaɗan. Wanda ya yi kauri da yawa zai sa sai an danna ƙofa da ƙarfi, kuma hinjin da ka gama gyarawa ne zai sha wahalar. Kada ka ja shi yana miƙewa lokacin mannawa, zai tsuke daga baya ya bar kusurwa a buɗe. A gefen hinji a jikin firam ake manna shi, inda kaurin ƙyaure zai danne shi, don kada ƙofar ta riƙa kwashe shi in tana rufuwa. Gam ɗinsa ba ya jure zafin Afrilu, don haka nakan ƙara masa ƙananan ƙusoshi a kusurwoyi. Roba ta fi soso daɗewa nesa ba kusa ba.

Ƙasan ƙofa ne babbar hanya. Ɓera ƙarami yana shigewa ta kafar da ba ta wuce kaurin fensir ba, milimita 6 ko 7, balle kunama da kyankyaso. Ana sayar da abin share ƙasan ƙofa, falle na alminiyam mai roba ko buroshi a baki. Ka auna faɗin ƙyaure, ka yanke, ka rufe ƙofar, ka sauke shi har robar ta taɓa daɓe da kyar, sannan ka ɗaure. In ba ka samu ba, tsohon tiyub na mota ya wadatar: yanko falle mai faɗin inci 3, ka danne rabinsa na sama da siririn katako ko ƙarfe, ka ɗaure da sukuru duk bayan inci 6. Kafin ka kafe shi ka buɗe ƙofar har ƙarshe ka ga ko daɓen yana da tudu a hanya, in akwai, da wurin tudun za ka auna.

In ratar ƙasa ta wuce inci ɗaya, roba kaɗai za ta riƙa lilo ne. Gara a ɗaga dokin ƙofa da siminti ko katako mai ƙwari, a karkata samansa waje don ruwan sama ya gangara tsakar gida. Tsagar da ke tsakanin firam da bango kuma, ƙarama a cike ta da silikon, babba da kwaɓin siminti.

Abu ɗaya da ba wasa a cikinsa: ɗakin da aka toshe kafofinsa ya daina shaƙar iska ta ƙofa. Masu shiga da kaskon garwashi ɗaki lokacin sanyi, da masu ajiye janareta a bakin ƙofa ko a baranda, su sani akwai iska mai guba da ke fita daga gawayi da injin, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mutum a cikin barci. In ka toshe ƙofa, garwashi ya kwana a waje, janareta ya yi nisa da ƙofa da taga.

In dai sai an fere

Bayan duk wannan, in akwai wurin da ke gogawa, ka fara duba wata. In ana tsakiyar damina ne kuma ƙofar tana rufuwa ko da da ƙyar, goga kyandir a wurin ka jira Nuwamba, sau da yawa da kanta take sakewa. Katako a faɗinsa yake kumbura, tsayinsa kusan ba ya canzawa, shi ya sa gefe ne ke matsewa da damina. In har cikin rani tana gogawa, shafa alli a jikin firam ka rufe, inda allin ya fito a ƙyaure nan kaɗai za ka taɓa. Fara da samfefa mai kaushi naɗe a guntun katako. In sai da filen, milimita ɗaya ka cire ka rataya ka gwada, kuma a sama ko ƙasan ƙyaure ka riƙa turawa daga kusurwa zuwa tsakiya don kada bakin ya ɓalle.

Duk inda ka kankare ka shafe shi da fenti a ranar. Ka leƙa saman ƙyauren da ƙasansa da madubi, za ka tarar yawanci ba a taɓa yi musu fenti ba, kuma ta nan ruwa ke shiga katako. Shafi biyu kowanne. Daga nan ka ɗiga wa kowane hinji mai, ɗigo biyu, ka goge saura don kada ƙura ta taru a kai. Ni yanzu sau biyu a shekara nake zagaya hinjin gidan da sukundireba, farkon damina da farkon hunturu, kuma kusan kullum sai na samu ɗaya a hinjin sama da ke karɓar rubu'in murɗa.